Wuƙa a Kan Zuciya

Na dawo Daura da jaka ɗaya
da jarrabawar Sinanci da ta kayar da ni sau biyu.
Ban gaya wa kowa ba.
Na shimfiɗa tabarma a bakin maƙera,
inda zuga-zugi ya yi wata bakwai bai numfasa ba.

Tun ranar da ɓarin dama ya daina jin maganarsa,
Baba Ilu yake zaune gaban uwar maƙera
kamar mai jiran biyan bashi.
Ya ce, da harshen da ya yi masa nauyi,
"Kai, Sanda, nuna min abin da ka je nema."

Na ɗauki gawayi, na zana a bango.
"Wannan ren suke ce masa, wato daurewa.
Ka ga wuƙa a sama, ga zuciya a ƙasa.
Kaifin yana kanta, ita kuwa ba ta motsa ba."
Ya daɗe yana kallo, ya karkata kai.
"Ƙotar ta yi gajarta," in ji shi.
"Amma wanda ya zana wannan ya taɓa kwana da ciwo."

Kashegari na kawo masa wata.
"Sun ce taɓaryar ƙarfe, in ka dage da gogawa,
wata rana allura za ta zama."
Dariya ta ƙwace masa ta gefen baki guda.
"Taɓarya sukutum! Don allura?
Wannan ai ɓarna ce, ko magagari ne babu a garinsu?
Da ni suka kawo wa, fartanya shida zan fitar,
ragowar in yi wa Inna Ladi maburgi."

Na ce, "To saurari wannan: shuwei di, shi cuwan.
Ɗigon ruwa, yau da gobe, yana huda dutse."
Bai yi dariya ba.
Ya nuna rijiyar tsakar gida da haɓa.
Itacen bakinta duk zane ne, zurfin yatsa,
inda igiyar guga ta bi tun zamanin kakarmu.
"Igiya nawa ta tsinke a nan?" ya tambaye ni.
"Ba wanda ya ƙirga. Itacen kawai ake gani."

Daren nan na kasa barci.
Na tuna sautuka huɗu da suka ƙi zama a bakina,
yadda nake son in ce uwa, sai in ce doki,
ajin ya fashe, Malama Fan ta rufe fuska da littafi.
Mu muna dafa dutse mu sha romo,
su suna huda shi da ruwa.
Dutsen dai bai tsira a ko'ina ba.

Da asuba na ji ƙarfe ya faɗi.
Na leƙa. Baba ne, masaba a ƙasa,
yana lallashin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya
kamar mai kora awaki cikin garke.
Ya ɗaga. Ta suɓuce.
Ya ɗaga. Ta suɓuce.
Ban fito ba. Na ƙirga goma sha ɗaya, na daina.

Da damina ta ja baya, ni ke zuga wuta,
shi ke riƙe awartaki da hagu,
dama tana koyon abin da ta shekara arba'in tana yi.
Abin farko da ya fito basilla ce, karkatacciya,
ko buhun gero ba za ta ɗinka ba.
Ya miƙo min ita da sauran ɗuminta.
"Ka kai wa malamar taku.
Ka ce daga guntun ƙusa aka yi, ba taɓarya ba."

Tana cikin littafina yanzu, shafi na tamanin,
ta bar tsatsa a kan kalmar da na fi mantawa.
Zanen bango ruwa ya wanke rabinsa:
wuƙar ta tafi,
zuciyar tana nan.
Jarrabawa ranar Asabar ce.